Abin Da Na Gani A Jihar Kuros Riba

Kwamitin wannan littafi na shekara sun matsa mini lamba cewa bana sai na rubuta wani abu da Hausa, ko don iyayenmu na ikilisiya waɗanda Turanci yake ba su wahala. Na yi ta tunanin abin da zan rubuta, sai na tuna da tafiyar da na yi zuwa Kalaba a 2019. Ɗaliban da nake koya wa labarin ƙasa sun sha jin gutsattsarin wannan labari a aji, har wasunsu sukan fara murmushi da zarar na ce "lokacin da na je Kalaba". To, yau ga shi daga tushe.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanena, autanmu, aka tura shi bautar ƙasa Jihar Kuros Riba a 2016. Ya gama, ya sami ɗan aiki a can, ya zauna. Da ya zo gida hutun Ista na 2019, muna cikin cin abinci sai ya ce ya sami matar aure, 'yar ƙabilar Efik ce. Mama ta tsame hannu daga kwano, ba ta ƙara kai loma ba. Kafin mako ya zagayo, duk wanda yake da baki a unguwarmu ya kawo nasa labarin. Wannan ya ce matan Kalaba da miya suke ɗaure namiji, wanda ya ci ya manta hanyar gidansu. Wancan ya ce karnuka suke ci. Wata kuma ta ce ruwansu cike yake da aljannu. A cikin masu wannan magana babu wanda ya taɓa ƙetare gadar Makurɗi. Da yake mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, sai Mama ta kira ni ɗaki ta ce, "Malam, kai ne ubansa yanzu. Ka je ka gani da idonka. In ka dawo ka ce mini i, to i ne. In ka ce a'a, ni zan gaya masa da bakina." Ba zan ɓoye muku ba, ranar da na shiga mota rabin zuciyata ya riga ya ce a'a.

Da aka ba mu dogon hutu a ƙarshen Yuli na tashi daga Jos, muka bi ta Akwanga, Lafiya, Makurɗi da Gboko, na kwana a Ogoja. Abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, domin Ogoja tana cikin Kuros Riba amma ba ta da wani bambanci da ƙasar Binuwai: dogayen ciyayi, kunyoyin doya, itatuwa jefi-jefi. Sai da muka doshi Ikom washegari ƙasa ta sake fuska. Itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, ga gonakin koko, ga ayaba jibge a bakin hanya. Bayan Ugep muka shiga gonakin roba da na kwakwar manja na wajen Akamkpa. Tun daga nan aka tsuge da ruwa, har muka shiga Kalaba bai ɗauke ba.

Wannan ruwa shi ne babban abin da zan ba ku labari. Na sha rubuta wa yara a allo cewa Kalaba takan sami ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, mu a Jos kimanin 1,400, Kano kuwa ba ta cika kai 1,000 ba. Na sha yin bayanin iska mai laima da take tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da yadda daminarsu take kamawa tun wajen Maris har Nuwamba. Na ba da maki a kan wannan, na kuma hana maki. Amma ashe ni kaina ban san abin da nake koyarwa ba. A wurinmu ruwa yana da sallama. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya, yara su koro awaki, sa'an nan ya sauko da ƙarfinsa, bayan awa ɗaya ko biyu rana ta fito. A Kalaba babu wannan ladabi. Kana tsaye kana magana sai ka ji shi a ka, kuma yana iya wuni ya kwana yana zuba. Kwana tara na yi, sau biyu kaɗai na ga rana da kyau. Na wanke riga ran Talata, ran Juma'a ba ta bushe ba, sai wani wari da ta ɗauka. Takalmin da na ajiye ƙarƙashin gado don zuwa sujada, da na jawo shi ran Lahadi na tarar ya yi fumfuna. Gishiri ya jiƙe a cikin robarsa, ashana ta ƙi kamawa. Ga shi ba sanyi ake yi ba. Zufa ce take tsatsafo maka ta ƙi bushewa, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mutanen garin ba su ɗauki ruwan a bakin komai ba. Babu mai gudu. Kowa da lemarsa kamar yadda makiyayi yake da sandarsa, mai talla tana talla, 'yan kasuwar Watt suna ciniki. Ran Lahadi a majami'a na ji wani dattijo yana addu'a da Turanci, yana roƙon Ubangiji ya tsai da ruwa ran Asabar saboda akwai jana'iza. Na ce amin, amma da ƙyar ta fito, don bakina ya saba da roƙon a ba mu, bai taɓa roƙon a tsayar ba. Na tuna shekarun da damina ta yi tsaiko a watan Yuni, masara ta fara nannaɗe ganye, Fasto ya kira azumin kwana uku.

Ina zaton ruwan nan ya shiga halinsu ma. Mutane ne marasa garaje, masu magana a hankali, masu son tsabta da ado da zama a ci abinci mai kyau. Su da kansu suna raha cewa haruffan sunan garinsu a Turance ma'anarsu ita ce ka zo ka zauna ka huta. Ni da na taɓa zuwa Legas da Anaca na zaci duk Kudu haka take, hayaniya da ture-ture. Kuskure ne irin wanda su ma suke yi idan sun ce duk Arewa Hausa ce. A cikin ƙananan hukumomi 18 na jihar akwai Efik, Ejagham, Yakurr, Bekwarra, Boki, Yala da wasu da dama, yawancinsu ba sa jin harshen juna. Ni kalma uku kawai na kwaso: emesiere, wato ina kwana, sosongo, wato na gode, da Abasi, wato Allah. Sun yi mini aiki ƙwarai.

Kwana biyu da isowata ƙanena ya kai ni gidan su yarinyar. Mahaifinta tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, dattijo ne kuma a Ikilisiyar Firesbiteriya. Kafin a yi wata magana aka shigo da abinci, na ce a raina, to, ga miyar da ake faɗa. Sunanta edikang ikong. Ganyen ugu ne da wani ganye mai ruwa-ruwa aka yanka ƙanana, aka dafa da manja, busasshen kifi, ganda, nama da dakakken jatan lande, ta yi kauri har cokali yana tsayawa a ciki. Akwai wata kuma, afang, wadda ganyenta daga kurmi ake samo shi, mai tauri ne, sai an yanka shi siriri an daka. A cikin miyar na ga wasu ƙananan dodon koɗi baƙaƙe da ɓawonsu. Na ɗauki ɗaya na gatsa, na ji haƙorina ya amsa. Yaran gidan suka ruga bayan labule suna ƙyaƙyata dariya. Uwar gidan ce ta nuna mini yadda ake kama shi a tsotso naman a yar da ɓawon. Na cinye teba ta farko, aka ƙaro, ban yi musu ba. Idan wannan ne asirin da ake cewa suna yi wa maza, to ba a ɓoye yake ba: a kasuwa ake sayen kayansa, sai dai yana cin kuɗi da lokaci, kuma tun suna ƙanana ake koya musu.

Maganar kare kuwa, gaskiya ne akwai masu ci, suna kiransa 404, amma a gidan da na je ba a ci. Kafin wani ya yamutsa fuska, ya tuna cewa a kasuwar Dawaki ta Ƙaramar Hukumar Kanke, nan Jihar Filato, ake loda karnuka da yawa a mota a kai musu.

Da aka ce in yi addu'ar godiya, sai dattijon ya ce in yi da harshen da nake yi a gida. Na sunkuyar da kai na fara, "Ya Allah Ubanmu." Da na buɗe ido na ga wata gwaggon yarinyar ta zuba mini ido kamar ta ga maciji a ɗaki. Ta tambayi ƙanena a hankali ko dai Musulmi ne mu muke ɓoyewa. Na yi mata bayani cewa yadda suke cewa Abasi, haka mu Kiristan Arewa muke cewa Allah, haka kuma yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa tun da aka buga shi cikakke a 1932. Dattijon ya tashi ya ɗauko nasa na Efik, bangonsa duk ya saɓule. Ya ce Hugh Goldie ya fassara musu Sabon Alkawari a 1862, cikakken littafin ya fito a 1868. Na yi lissafi a kaina, shekara 64 ke nan kafin namu. Bishara ta iso musu a 1846, lokacin da Hope Waddell ya zo tare da wasu Kiristoci baƙaƙen fata daga Jamaika, alhali Karl Kumm da abokansa sai a 1904 suka kafa zango a Wase. Makarantar da aka sa wa sunan Hope Waddell an buɗe ta a 1895, tana nan tana aiki. Ni da na zo binciken ko yarinya 'yar gidan masu bi ce, sai na sami kaina a gaban mutanen da kakannin kakanninsu suke waƙoƙin sujada tun kafin mishan ya san hanyar garinmu.

A wannan zama na ji cewa yarinyar 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta yana karatu a Jami'ar Kalaba. Kakarsu, wata tsohuwa da take zaune a kusurwa, ita ta ɗauko maganar, jikar tana fassara mini. Ta ce a zamanin da, an ɗauka ɗaya daga cikin tagwaye ɗan mugun ruhu ne, da yake kuma ba a san wanne ba ne, sai a cusa su duka biyu a tukunya a jefar a daji, a kori uwar daga gari. Kowane ɗan firamare ya san amsar tambayar nan, wa ya hana kashe tagwaye? Mary Slessor. 'Yar Sikotland ce da ta fara aiki a masaƙa tun tana shekara 11, ta iso Kalaba a 1876, ta koma cikin mutanen Okoyong a 1888, ta rasu a 1915. Na je kabarinta a kan tudu a unguwar Duke Town. Amma amsar da muke karɓa a jarrabawa ta yi gajarta. Mishan da suka riga ta sun daɗe suna wannan faɗa, kuma a 1878 sarakunan Kalaba suka sa hannu a yarjejeniyar da ta haramta abin. Nata aikin shi ne ta shiga ƙauyukan da doka ba ta kai ba, ta tsinci jariran ta goya su a ɗakinta har mutane suka ga sun girma lafiya. Kada kuma mu ɗaga kai don Bahaushe yana kiran nasa Hasan da Husaini yana murna. Akwai ƙabilu a nan Arewa da su ma suka yi irin wannan ɗanyen aiki. Ina sauraron tsohuwar ina kallon yarinyar tana kwashe kwanuka, tsigar jikina ta tashi.

Sauran kwanakin ƙanena ya zaga da ni gari. Mun je tsohon gidan Razdan, ginin katako da aka kawo gunduwa-gunduwa daga Birtaniya aka harhaɗa a 1884, yanzu gidan tarihi ne. Mutanen Kalaba suna alfahari cewa garinsu ne babban birnin Nijeriya na farko. Abin da ya tabbata shi ne, nan ne hedkwatar Turawa ta Kudu har 1906 da aka mayar da ita Legas, Nijeriya kuwa ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1914. Ban yi gardama da kowa ba, tun da neman aure na zo. Mun kuma shiga gidan tarihin cinikin bayi a bakin kogi, inda aka nuna sarƙoƙi da yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar buhuna. Attajiran Efik na wancan zamani su ne dillalai tsakanin Turawa da mutanen cikin ƙasa, kuma jikokinsu ba su ɓoye wannan ba. Na fito ban iya magana ba, don na tuna abin da ya sa kakanninmu suka gina gidajensu a kan duwatsu.

Wani abin da nake so 'yan aji shida su gyara a kansu: ba kowace jihar Kudu take iyo cikin kuɗin man fetur ba. An ƙirƙiri wannan jiha a 1967 da sunan Jihar Kudu Maso Gabas, aka sake mata suna a 1976, aka cire Akwa Ibom daga cikinta a 1987. Bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002, Nijeriya ta gama miƙa Bakasi ga Kamaru a 2008, sa'an nan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da suke jayayya a kai. Malaman makarantar da na zauna da su a can, kukansu da namu ɗaya ne.

Da kewar tuwo ta dame ni, sai ƙanena ya kai ni Bogobiri, unguwar Hausawa a tsakiyar gari. Ga masallaci, ga masu tsire, ga 'yan canji, ga mai shayi. Na yi sallama aka amsa, aka matsa mini a benci. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce a nan aka haife shi, yana jin Efik kamar jakin Kano da Hausa. Ya tambaye ni mutumin ina ne, na faɗa masa, ya tambayi sunana, na faɗa, ya gane ni Kirista ne. Ya ce, "To, Malam, a nan dai dukanmu Aboki ne sunanmu." Ya hana ni biyan kuɗin shayi.

Ana gobe zan tafi, mahaifin yarinyar ya aika a kira ni ni kaɗai. Muka zauna a baranda, ruwa yana dukan kwano har sai mun ɗaga murya. Ya ce yayansa ya yi aiki a kamfanin kuza a Bukuru, a 1966 ya dawo gida da rigar da take jikinsa kawai, har ya mutu bai ƙara ambatar Arewa ba. Ya ce ya bi labarin Jos a rediyo a 2001, da 2008, da 2010. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙanenka yaron kirki ne. Amma wata rana zai ce zai koma gida, ko ya kai ta Kirsimeti. Ba ta jin Hausa, ba ta san unguwar da ake shiga da wadda ba a shiga ba. In abu ya tashi, ina 'yata za ta gudu?"

Sai a lokacin na gane cewa duk kwanakin nan da nake auna su, su ma auna ni suke yi, kuma tambayarsu ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. Mu miya muke tsoro, su kuwa rai. Na so in ce masa ai komai ya wuce, amma na san ƙarya ce, domin na binne mutanen da na sani a cikin shekarun da ya lissafa. Na ce, "Baba, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Muna zaune lafiya yau, gobe ta Allah ce. Abin da zan iya cewa shi ne, inda uwata ta kwana nan 'yarka za ta kwana, inda muka ɓoye 'ya'yanmu nan za mu ɓoye ta." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce da na gaya masa babu wata matsala, da ya san da maƙaryata zai haɗa jini. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar kayan aure, shafi biyu cif. Da na karanta na ji jiri. Ya karɓa, ya ɗauki biro ya soke wajen kashi ɗaya cikin uku, ya ce sauran na dangi ne, ba shi da iko a kai.

Da na dawo Mama ba ta bar ni na ajiye jaka ba. Na ce mata i. Ta ce, "Kai ma sun ba ka miyar ke nan." Na ce sun ba ni, har na nemi ƙari.

An yi bikin a Disamba 2019, daidai lokacin kanibal ɗin da Gwamna Donald Duke ya fara a 2004, gari ya cika har da ƙyar muka sami masauki. Mama ta je tare da mata huɗu na zumunta. Amarya ta fito cikin doguwar riga mai faɗi da suke kira onyonyo, kanta jere da matsefai na tagulla, 'yan mata suka yi rawar ekombi, wadda ake lanƙwasa jiki kamar igiyar ruwa. Matanmu su ma suka ɗaura zanen zumunta suka buga tulu da kacau-kacau, suka yi waƙa da Hausa, gwaggon nan da ta tsorata da addu'ata ta shiga fili tana taka rawa.

A Janairu suka zo gida gaisuwa, hunturu yana tsakiyarsa. Amarya ta ga abin da na gani a garinsu, amma a juye. Leɓenta ya tsage, ƙafarta ta yi faso, ta kwana da bargo uku tana rawar ɗari, ta wanke zane ta shanya, kafin ta gama wanke na biyu na farko ya bushe, ta kira mijinta ya zo ya gani. Mama ce ta zaunar da ita a bakin murhu tana shafa mata man kaɗanya.

Tsoron Mama bai faɗi ƙasa banza duka ba, don har yau ƙanena yana Kalaba, sau ɗaya muke ganinsu a shekara, kuma takan yi mini gori a kan haka. Duk wanda zai tafi takan ba shi ƙullin kuka da daddawa da acca, su kuma su aiko da jatan lande da busasshen afang. In sun zo Kirsimeti surukarta takan yi mana miyar, Mama ta ci ta side hannu. Dodon koɗin ne dai har yanzu ta ƙi tsotsa. Takan tsince su ɗaya-ɗaya ta tara a gefen kwano, jikanta ya zo ya kwashe.